Jirgin mutum 2,000 ko na mutum 140? Amsa ga Alhajinmu na Daura mai son zuwa ganin ƙanƙara

Wani dattijo daga Daura ya aiko man da tambaya, ga ta a taƙaice: "Injiniya salamu alaikum. Na aje aiki bara, ni da Hajiya muna son mu je Antaktika mu ga ƙanƙarar nan da idonmu. Ejan ya turo farashi biyu, wani ƙaton jirgin ruwa mai ɗaukar mutum sama da 2,000 dala 3,500 kowane mutum, da wani ƙarami mai mutum 140 dala 14,000. Ya za ai ƙarami ya ninka babba har sau huɗu, ba cuta a ciki kuwa? Sannan ance rana ba ta faɗuwa can, ya ake sallah? Hajiya kuma ita burinta ta ga farin beyar ɗin nan."

Wa alaikumus salam Alhaji, ranka shi daɗe, Allah shi sa an aje aiki a sa'a. Toh ni dai ba ejan ba ne ba na saida tikiti, aikina ɗakin inji ne, daga makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron na fito, na yi shekaru a jiragen dakon kaya kafin Allah shi kai ni irin waɗannan ƙananan jiragen na yawon buɗe ido, na yi zuwa kudu na yi zuwa arewa, don haka abin da zan faɗa maka daga ƙasan jirgi na gan shi ba daga hoton talla ba.

Ba cuta a farashin nan Alhaji, kaya biyu ne daban aka sa masu suna ɗaya. Babban jirgin nan na 3,500 ba zai sauke ka ba. Ko taku ɗaya ba za ka yi a ƙasar Antaktika ba, wato nahiyar ƙanƙarar nan da ke can ƙuryar kudancin duniya, za a bi da ku ta gefen duwatsu ne ku tsaya a baranda ku ɗaga waya ku yi hoto a juyo da ku, kaman mutum ya biya mota daga Kano don ya zo ganin Kusugu sai direba ya rage gudu a bakin titi ya ce to ga unguwar can ku leƙa. Kuma ba rowa ce ta kamfanin ba, doka ce. Antaktika ba ta da sarki ba ta da gwamna, yarjejeniya ce ke riƙe da ita wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959, Afirka ta Kudu na ciki, sannan kamfanonin da ke kai mutane suna da ƙungiyarsu IAATO tun 1991. Ƙa'idar ita ce duk jirgin da ya ɗauko fasinja sama da 500 ba ya sauke kowa, kuma ko wanda aka yarda ya sauke, ba a tara mutum fiye da 100 a tudu a wuri ɗaya lokaci ɗaya, kowane mutum 20 da jagoransu, jirgi ɗaya a zango ɗaya.

To yanzu kai da ka yi aikin ofis yi lissafin da kanka. Jirgi mai mutum 140, ɗari su hau tudu arba'in su zagaya cikin kwale-kwale sai a yi musanya, kowa ya fita da safe ya fita da la'asar in yanayi ya bari, sau biyu a rana kenan kowanne awa biyu ko fi. Jirgi mai mutum 450 kuma rukuni biyar za a raba ku, ka sa kaya ka zauna kana jiran a kira launin katinka kaman layin tantancewar 'yan fansho, ka samu awa ɗaya a rana ka gode Allah, wasu wuraren ma ba a barin jirgin da ya haura mutum 200 ya sauke ko kaɗan. Kuma tafiyar da ake cewa ta kwana 10 ko 11, kwana huɗu a teku za su tafi, biyu zuwa biyu dawowa, abin da zai rage maka a can kwana huɗu ne ko biyar. Shi ya sa nike cewa abin da kake saye da kuɗin nan awoyin da ƙafarka za ta yi a ƙasa ne, duk sauran abin da ke cikin takardar tallan ado ne.

Bari in faɗa maka inda kuɗin ke shiga ta ɓangarenmu. Jirgin da zai shiga ƙanƙara ba ƙarfen kowa gare shi ba, gabansa da cikinsa an ƙara masu kauri, haƙarƙarinsa a matse, farfelarsa ma ta daban ce, akwai dokar duniya ta jiragen da ke shiga waɗannan ruwaye da ta fara aiki 1 ga Janairu 2017, kuma akwai daraja-daraja, yawancin sababbin jiragen yawon nan PC6 ne ko PC5, ƙaramar lamba ita ta fi ƙarfi, akwai na Faransawa Le Commandant Charcot mai PC2 da ya kai har tsakiyar ƙuryar arewa ta duniya a 2021. Baƙin mai mai arha da manyan jirage ke sha an hana shi a Antaktika tun 2011, sai tataccen dizal mai tsada. Ruwan da za ka yi alwala da shi daga teku muke jawo shi mu tace gishirin. Shara ba a zubarwa, da ita ake dawowa. Ba tashar da za ka tsaya ka sai tumatir ko ka nemi bakanike, duk abin da ya lalace mu za mu gyara da abin da ke sito. A jiragen alfarma ma'aikata kusan yawansu ɗaya da fasinja. Duk wannan nauyin a kan mutum 140 za a raba shi maimakon 2,000, kaga dole kowa ya ji a aljihunsa.

Amma fa akwai inda zan ce ka buɗe ido, don cikin ƙananan ma akwai na 8,000 akwai na 14,000 akwai na 25,000 har sama, kuma sau da yawa wuri ɗaya za su kai ku, fengwin ɗin (tsuntsun can ne mai baƙi da fari da ba ya tashi sama) da mai 25,000 zai gani shi mai 8,000 zai gani, warin kashinsu ma ɗaya za ku shaƙa (wari kam Alhaji ba a sa shi a bidiyo, ka haɗa akurkin kaji da kasuwar kifi ka samu kwatance). Bambancin shine ɗaki mai baranda, mai hidima na ɗakinka kai kaɗai, wurin gasa jiki, gidan abinci huɗu ko biyar, da giya iri-iri kyauta dare da rana wadda an riga an cusa kuɗinta cikin tikiti. Kai da Hajiya shayi za ku sha, kenan kuna biya wa wani bature abin da ba ku taɓawa. Ni in kuɗina ne, matsakaicin jirgi zan nema mai mutum ƙasa da 200, in ɗauki ɗaki a bene na ƙasa ta tsakiyar jirgi, ragowar kuɗin in ƙara kwanaki. Abin dariyar ma ɗakunan da suka fi tsada su ne na can sama, kuma su suka fi lilo in teku ta tashi.

Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a tafiyar bayan kyaftin shine wanda ni nike kira madugu, shugaban masu fita da ku. Wallahi aikinsa sak na madugun fatake da kakanninmu ke ba da labari, shi ke duba iska da ƙanƙara ya zauna da kyaftin su yanke inda za a ya da zango gobe, kuma yana iya tada ku ƙarfe biyar na asuba ya ce an canza. Jadawalin da ejan ya turo maka fata ne kawai, ba alkawari ba. Na ga ranar da aka sauke kwale-kwale duka, mutane sun sa kaya sun yi layi, cikin minti ashirin iska ta gangaro daga kan ƙanƙara aka ce kowa ya koma, wata baiwar Allah har da kuka tana cewa ta biya kuɗinta. To wa za ka kai ƙara? Madugu nagari shi ne mai zango na biyu da na uku a aljihu, shi ya sa in za ka tambayi ejan ka tambaye shi mutum nawa ne a ayarin jagororin da kuma shekara nawa shugabansu ya yi yana zuwa, kar ka tsaya tambayar faɗin gado.

Yanzu maganar Hajiya. A gaya mata a hankali, babu farin beyar a Antaktika ko ɗaya. Shi ɗan arewa ne, fengwin kuma ɗan kudu, ba su taɓa haɗuwa ba sai a zanen yara. In beyar take so to Svalbard za ku nufa, tsibiran Norway, a tashi daga garin Longyearbyen, lokacinsa wajen Mayu zuwa Satumba, saɓanin kudu da ake zuwa Nuwamba zuwa Maris. Can jagorori da bindiga suke fita, sai an leƙa an tabbatar ba beyar kafin a sauke ku, in an gan shi a tudu to ba sauka, daga jirgi za ku kalle shi, kuma tun 2025 Norway ta ƙara tsaurara doka sai an bar tazarar mita 300 aƙalla, wani lokacin na shekara 500. Kenan abin da za ta gani ɗan farin ɗigo ne sai da madubin hangen nesa, wani zuwan a ga goma wani zuwan a ga ɗaya. Wani abin da zai ba ka sha'awa a Longyearbyen, akwai rumbun irin shuka na duniya da aka haƙa cikin dutse aka buɗe a 2008, kuma cikin kayan farko da aka kai akwai irin wake da masara da gurjiya daga cibiyar IITA ta Ibadan, ba a barin baƙi su shiga amma ka tsaya a ƙofar ka san waken ƙasarmu na kwance ciki. Shi Svalbard kansa ba ya neman biza amma ba ka isa can sai ta Norway, don haka sai bizar Shengen ta ƙasashen Turai mai shiga sau biyu, in ka karɓi mai shiga ɗaya za ka maƙale a dawowa.

In dai zuwa ɗaya za ku yi a rayuwa ni kudu zan ce. Dabbobin can ba su san tsoron mutum ba, doka ta ce ka bar mita 5 tsakaninka da fengwin amma shi bai karanta dokar ba, zai taho yana rangaji ya tsaya yana kallon takalminka. Nuwamba ƙanƙara fes take ba a tattaka ba, Disamba da Janairu ƙwai ke ƙyanƙyashewa, Fabrairu da Maris kuma lokacin manyan kifayen nan ne wel, wani ya fi tirela tsawo ya fito ya yi numfashi gefen kwale-kwalenku. Akwai tsibirin Deception, dutse ne mai aman wuta da ruwa ya shige cikin bakinsa, jirgi ke shiga ta wata 'yar ƙofa, ya yi aman ƙarshe a 1970. Akwai Port Lockroy inda Ingila ke da ɗan gidan waya, kana iya aiko wa jikoki kati daga can.

Hanya kuma doguwa ce ba wasa. Daga Daura ka sauka Kano ko Abuja, jirgi ta Adis Ababa ko Istanbul, ya ratsa Sao Paulo ya sauke ka Buenos Aires, sannan wani jirgin na awa uku da rabi zuwa Ushuaia can ƙarshen Ajantina inda yawancin jiragen ruwan ke tashi. Bizar Ajantina a Abuja ake nema, ka nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, ka riƙe katin rigakafin shawara, kuma don Allah ka isa Ushuaia da kwana biyu a hannu, jirgin ruwa ba ya jiran kowa kuma ba tasha ta gaba da za ka tare shi. In tafiyar ta haɗa da tsibiran Falkland da South Georgia to waɗannan ƙarƙashin Ingila suke, bizar Ajantina ba ta rufe su.

Sai mashigin Drake, wanda shi ne jarrabawar. Kusan kilomita 1,000 ne daga Ushuaia zuwa tsibiran farko, jirgi kuma gudunsa bai wuce kilomita 25 a awa ba, Keke Napep ya fi shi sauri, shi ya sa yake cin kwana biyu. Dalilin haukan ruwan wurin, a wannan layin na duniya ba ƙasar da ke tare iska, tana zagaye duniya ne ba birki ita da igiyar ruwa, sai su zo su matse tsakanin ƙarshen Amurka ta Kudu da hancin Antaktika. Wani zuwan lumui kaman dam ɗin Daberam da safe, wani zuwan kuma kofin shayi ba ya zama kan tebur, kujeru a ɗaure da sarƙa, kana sujada kana zamewa. Jiragen yanzu suna da fukafukai a ƙarƙashin ruwa da muke buɗewa su rage lilon gefe da gefe, suna taimakawa sosai amma ba sa hana na gaba da baya. Maganin jiri tun kafin a fita ake shan shi, in amai ya fara an makara, kuma tunda shekaru sun ja ka nuna wa likitanka maganin tukun musamman in akwai hawan jini ko ciwon ido ko matsalar fitsari. In Hajiya ba za ta iya ba akwai masu tashi da jirgin sama daga Punta Arenas ta Chile awa biyu zuwa tsibirin King George a shiga jirgin ruwa a can, ya fi tsada kuma hazo na iya zaunar da ku kwana biyu kuna jira.

Haɗari akwai, ba zan ɓoye maka ba. A Nuwamba 2007 jirgin Explorer, wanda shi ne na farko da aka ƙera musamman don irin wannan yawon tun 1969, ƙanƙara ta huda shi ya nutse, Allah ya kiyaye duka mutum 154 aka cece su bayan sun yi awoyi cikin kwale-kwale. Amma abin da ya fi faruwa kullum ba nutsewa ba ne, zamewa ce a karye ko ƙofa ta datse yatsa. Likita ɗaya ne da ɗan ɗakin magani, asibiti na nesa da kwana biyu, shi ya sa kamfanoni ke tilasta inshorar kwaso mara lafiya, kar ka yi wasa da ita, kuma maganin suga ko na hawan jini ka riƙe shi a jakar hannu da rarar sati biyu.

Sanyi kuma bai kai yadda ake zuzutawa ba, lokacin bazararsu ne, yawanci kusa da sifiri ne sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, iskar ce ke yanka. Mai tsananin nan na 89 ƙasa da sifiri can tsakiyar nahiyar aka auna shi a tashar Vostok a 1983, ba inda za a kai ku. Yawancin kamfanoni za su ba ka rigar sanyi su ara maka takalmin roba, kai ka zo da wando mai hana ruwa da safar hannu biyu da baƙin tabarau da man kaɗanya don leɓe, rana na ƙuna a can ko baƙar fata ba ta tsira ba. Babbar riga a bar ta sai cin abincin dare, ba a shiga Zodiac da ita, wato kwale-kwalen robar nan mai inji da ake sauke ku da shi mutum goma goma, don sau da yawa cikin ruwa za ka diro iya ƙwauri. Hajiya ta nemi ƙaramin hijabi mai kama kai ta sa hular sanyi a sama, dogon nan iska za ta yi ta fizga.

Kafin a sauke ku za a sa ku kawo duk kayan da za ku fita da su a bi aljihu da injin zuƙe ƙura, a wanke takalmi da magani fita da dawowa. Mu 'yan nan ya kamata mu fi kowa gane dalili, ka san yadda ƙarangiya ke bin ƙafar wando ta je garin da ba a gayyace ta ba, to ita ake gudu. Tun da murar tsuntsaye ta isa yankin a 2023 ma an hana zama ko durƙuso ko aje jaka a ƙasa, kenan ba shimfiɗa darduma a tudu, sallah sai a jirgi. Ba a fita da abinci, ba a ɗauko ko tsakuwa, ba kuma bayi a tudu don haka a rage shayi kafin fita. Kilishi da dambun nama bar su gida za a iya karɓewa tun filin jirgi. Ka rubuta masu tun wajen biya cewa ba ku cin alade kuma kar a sa maku giya a girki, kifi da kayan lambu ba sa yankewa. Buta kuwa ka sa 'yar ƙarama a jaka, ba za ka samu ba, kuma a matsayina na wanda ake tasowa tsakar dare in bututu ya toshe ina roƙo kar a jefa komi a masan jirgi banda takardar da suka aje, da iska yake zuƙa bututun siriri ne.

Maganar sallah, ni ba malami ba ne amma ga yadda abin yake ga kuma yadda muke yi. Yawancin tafiyar kudu ba ta kai layin da rana ke ƙin faɗuwa, a wajen Disamba tana faɗuwa wajen sha ɗayan dare ta fito wajen biyu ko uku, sai dai duhu ba ya shiga, shafaƙi bai ɓacewa har gari ya waye, don haka azahar da la'asar da magariba kana ganinsu da ido, isha'i da asuba ne ake ƙaddarawa. A Svalbard kuwa daga wajen 20 ga Afrilu har bayan tsakiyar Agusta ba ta faɗuwa sam, ƙarfe ɗayan dare kaman hantsi. Malamai sun yi magana a kai tuntuni, suna kafa hujja da hadisin Dujal inda aka tambayi Annabi (SAW) game da ranar da za ta yi tsawon shekara ya ce a ƙaddara mata, wasu suka ce a bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce a bi na Makka. Ni na gari mafi kusa nike bi, in rubuta lokutan a takarda in manna jikin ƙofa don agogon jiki rikicewa yake, kai kuma ka zauna da malaminka a Daura kafin tafiya ku tsaida ɗaya, ga kuma sauƙin kasaru da haɗawa na matafiyi. Alƙibla tana juyawa da jirgi, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya sa gaba, ko ka hau ɗakin tuƙi ka tambaya, a ƙananan jirage galibi ƙofarsu a buɗe take. Ka kuma duba kalanda, azumi a shekarun nan cikin Fabrairu yake kamawa yana matsowa Janairu, daidai tsakiyar kakar tafiyar, ni da Disamba zan zaɓa.

Kafin ka tura ko sisi, ka sa ejan ya rubuto maka sunan jirgin na 14,000, ka duba ko kamfanin na cikin jerin 'yan IAATO a shafinsu, a rubuce ya faɗa maka fasinja nawa, kwana nawa ne a Antaktika kanta banda na hanya, kuma ko kuɗin ya haɗa da jirgin Buenos Aires zuwa Ushuaia da otal da inshora. Turo man sunan jirgin in ka samu, in na san shi zan faɗa maka benen da ya fi nisa da ƙarar injinmu. A gaida Hajiya.